Gudu ba takalmi a bazarar Sakkwato: sabo ne ko ganganci?

Mai Kula da Zaure:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ɗaya ta shigo sau uku a makon nan, daga matasa masu shirin gwajin gudu na shiga aikin ɗamara da kuma masu motsa jiki da safe. Wai shin a wannan bazara mutum zai iya tuɓe takalmi ya riƙa gudu haka nan? Wasu sun ce yana ƙarfafa ƙafa, wasu kuma tsadar kambas ce ta kai su ga tunanin. Masana, bisimilla. A yi mana bayani dalla-dalla, ban da gardamar da ba ta da amfani.

Kocin Mabera:
Wa alaikumus salam. Zai yiwu, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin farko agogo ne. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su duba waya su ga digiri 41 ko 43 su ɗauka zafin da ƙafarsu za ta taka ke nan. Wannan lissafin na iska ne, a inuwa ake auna shi. Kwalta baƙa ce, tana shanye rana tun hantsi, daga azahar zuwa la'asar a watan Afrilu takan wuce digiri 60 cikin sauƙi. Ku duba facin kwalta a bakin shataletale da ƙarfe 2 na rana, za ku ga ya yi laushi har tayar babur ta bar zanenta a kai. Abin da ya narkar da kwalta ba zai ƙyale fatar ɗan Adam ba. Ƙasa ta fi sanyi daga bayan sallar asuba zuwa fitowar rana, wajen 6:30 a watan Afrilu. Daga idar da salla zuwa ƙarfe 7:30, wannan ne lokacin. Idan 8 ta wuce a mayar da takalmi.

Ɗan Tseren Arkilla:
Koci, da yamma fa? Bayan magariba rana ta faɗi ai, kuma a lokacin ne mafi yawan ma'aikata ke samun sarari.

Kocin Mabera:
Rana ta faɗi, kwalta ba ta sani ba. Ka ɗora hannu a bangon siminti mai fuskantar yamma da ƙarfe 8 na dare, za ka ji shi da ɗumi kamar tanda da aka kwashe masa. Haka titi yake, yana sakin zafin da ya tara a hankali har tsakar dare. Sannan duhu ya shigo, ba ka ganin kwalba, ba ka ganin ƙusa, kuma lokacin fitowar kunama ke nan. Mai gudun yamma ya sa takalminsa.

Malamin Kimiyya:
Bari in ƙara wa zancen Koci lissafi. Ƙunar fata abu biyu ne ke haɗuwa, zafi da daɗewa. A digiri 44 sai fata ta yi awanni a jikin abu kafin ta ƙone. Da an haura 50 magana ta koma mintuna, a 60 kuwa daƙiƙoƙi ne. Tafin ƙafa ya fi sauran jiki kauri, shi ya sa yake ɗan jinkirtawa, amma jinkiri ne kawai. Mai gudu yana ganin ai ƙafarsa ba ta daɗewa a ƙasa, ta taɓa ta tashi. Haka ne, sai dai tana dawowa kafin ta huce, sau 80 zuwa 90 kowace ƙafa a minti ɗaya, zafin yana taruwa. Shi ya sa minti biyun farko mutum ke jin lafiya lau, sai ya yi nisa da gida sannan wuta ta kama, ga shi babu takalmi a hannu.
Gwaji mai sauƙi: ka ɗora bayan hannunka a ƙasar da za ka bi, ka ƙirga goma a natse. Idan ka janye kafin goma, ba wurin gudu ba ne. Kada a dogara da bindigar auna zafin goshi irin ta lokacin korona, yawancinsu iyakarsu digiri 42 ko 43, sai dai wadda ke da maɓallin auna saman abu.

Ɗan Dundaye:
Ni fa ban yarda da wannan tsoratarwar ba. Je ka fadamar Kwalkwalawa ka ga manoma, ka ga yaran Fulani a bayan shanu. Ƙafarsu ta yi kanta, ƙaya ma karyewa take. Kuma wanda ya ci gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta 1960 a Rum, Abebe Bikila ɗan Habasha, ba takalmi ya yi shi, awa 2 da minti 15. Mu ne dai takalmi ya lalata.

Baba Baduku:
Ɗana, wanga zance naka rabi gaskiya ta. Mutanen da suna tahiya ba takalmi, amma wa yag gaya maka da rana tsaka suka ratsa tudu? Manomi shina hita da asuba, rana ta take shi koma gindin icce. Makiyayi kuwa duba ƙahwatai da kyau, takalmin roba ko na taya za ka ishe. Da can ma hwatake da fade suka tahiya. In da kanta ta isa, da mu dukawa ba mu samu abinci ba tun zamanin Shehu.

Malamin Kimiyya:
Baba ya gama magana. Kuma a kan Bikila, a cika labarin. An fara tseren nan da yamma, aka ƙare da dare, sojoji na riƙe da sandunan wuta a gefen hanya suna haska wa masu gudu. An tsara shi haka ne don guje wa zafin Rum, wanda bai kama ƙafar na Sakkwato ba. Shekara huɗu bayan nan a Tokiyo, 1964, ya sake cin zinare sanye da takalmi, kuma ya fi sauri, awa 2 da minti 12. Wato gudun a jikinsa yake, ba a rashin takalmin ba.

Malamar Jinya:
Sannunku da ƙoƙari. Ƙanena na Dundaye, maganar kanta ce nake so in gyara, domin a nan ake cutuwa. Kanta tana kare mutum daga tsakuwa da gogayya, ba ta hana zafi ratsawa. Abin da take yi ma shi ne jinkirta saƙon zafin, sai naman da ke ƙarƙashinta ya dahu mutum bai ankara ba. Irin wannan ƙunar ba ta nuna kanta nan take. Mutum zai dawo gida yana jin raɗaɗi kaɗan, bayan awa uku ko huɗu sai ka ga tudun da ke bayan yatsu ya yi fari fat, ya ɗago, ruwa ya taru a ƙarƙashin fata mai kauri. Bororon ƙarƙashin kanta ya fi na sauran wuri ciwo saboda ruwan ba ya samun hanyar fita, idan kuma ya saɓule sai a bar mutum da jan nama a daidai inda yake takawa. Sati biyu zuwa uku ke nan ba gudu, wani lokaci har ɗingishi zuwa masallaci.
Idan ta faru: a zuba ruwan famfo ko na randa mai sanyi a kai minti 20 cur. Ban da ƙanƙara, tana ƙara lalata fatar. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja, ban da toka. A rufe da bandeji mai tsabta wanda ba ya mannewa. Kada a fasa bororon ƙuna a gida. Ƙunar tafin ƙafa idan ta yi faɗi, ko fatar ta yi fari ba ta jin taɓi, ta asibiti ce, ko Asibitin Koyarwa ko mafi kusa da kai.

Ɗan Dundaye:
To Yaya, na ji. Amma rairayi fa? A bar kwalta, a gangara bakin gulbin Rima inda yashi ke da laushi.

Kocin Mabera:
Yashin rana ya fi kwalta mugunta, domin ƙafa nutsewa take, zafin ya kama har saman yatsu da tsakaninsu inda fata ba ta da kauri. Da asuba kuwa yashi yana saurin hucewa, sanyi ƙalau za ka same shi. Matsalarsa daban ce: yana ɓoye abin da ke cikinsa, fasasshen kwalba, gwangwani, ƙashin kifi. Kuma dunduniya tana lumewa ƙasa da yatsu, agara ta miƙe fiye da ƙima. Sabon shiga da ya yi kilomita 2 a yashi mai zurfi, gobe da safe ba zai iya sauka daga gado da dunduniya ba.
Ga wanda ke koyo, ni na fi son ƙasa mai tauri, mai santsi, wadda ido ke ganin komai a kanta: filin ƙwallon makaranta da aka share, ko jar ƙasa da ta daddaɓe ba tsakuwa. Ƙasa mai tauri ita ke koya wa mutum taku, da ka buga dunduniya za ta gaya maka. Siminti mai haske da ya kwana a inuwa ma ba laifi. Abin da za a guje wa ko da hantsi shi ne ciyawar roba ta filayen ƙwallo na haya da jan dandamalin roba na tsere. Ciyawar roba a rana takan fi kwalta zafi.

Ɗan Tseren Arkilla:
A ƙara da ƙaya. Duk wanda ya bar gari ya nufi wajen Wamakko ko Kalambaina ta gefen gonaki zai haɗu da ƙarangiya da tsidau. Ƙarangiya tana mannewa ne a cire ta, ɓacin rai ne kawai. Tsidau shi ne mugu, ƙwallonsa yana da tsini ta kowane gefe, duk yadda ya faɗi ɗaya na kallon sama, har tayar keke yake hudawa. Ƙarƙashin aduwa da bagaruwa kuma kada inuwa ta ruɗe ka, nan ƙayar take zube.

Malamar Jinya:
Tunda an zo kan ƙaya: a cire da hantsaki mai tsabta ta hanyar da ta shiga, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa. Idan ta karye a ciki kada a yi ta tono da reza. Huda mai zurfi a tafin ƙafa ita ce ƙofar tatanas, ciwon da ke sandarar da jiki, kuma ƙasar da dabbobi ke bi ta fi ɗauke da ƙwayar. Wanda ya shekara 10 bai yi allurar ba ya je ya yi tun kafin ya tuɓe takalmi. Idan raunin mai datti ne kuma allurar ƙarshe ta wuce shekara 5, a sake. Da damina ta sauka kuma sai a bar gudu ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasar da ake bahaya a kusa, akwai tsutsar ciki mai shan jini da ke shiga ta fatar ƙafa.
Mutum uku kuma wannan zancen gaba ɗaya ba nasu ba ne: mai ciwon suga, wanda ƙafarsa ke yin dindiris ba ya jin taɓi sosai, da mai gyambon da bai warke ba. Mai suga ko tsakar gida kada ya taka ba takalmi da rana.

Mai Kula da Zaure:
Madalla. Koci, a ba mu tsari. Wanda ya cika sharuɗɗan nan, yaya zai fara?

Kocin Mabera:
Sati biyun farko ba gudu. Tafiya ce ta minti 10 zuwa 15 da asuba ba takalmi, tare da ɗaga dunduniya: ka tsaya a bakin dakali da yatsu, ka ɗaga ka sauke a hankali sau 15, zagaye uku. Sati na uku ka yi gudunka da takalmi kamar kullum, a ƙarshe ka tuɓe ka yi sassarfa ta minti 1, tafiya minti 1, sau biyar. Yau ka yi, gobe ka huta. Daga nan ƙari kaɗan kaɗan, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 a sati. Kafin mutum ya iya kilomita 5 ba takalmi lafiya, watanni ne, ba makonni ba. Wanda gwajinsa saura wata ɗaya ya manta da wannan, ya nemi kambas ko na gwanjo ne.
Taku kuma: gajere, mai sauri, ƙafa ta sauka a ƙarƙashin jiki ba can gaba ba. Ka ƙirga saukar ƙafar dama cikin daƙiƙa 30, a samu 43 zuwa 45. Tudun bayan yatsu ya fara taɓa ƙasa, dunduniya ta biyo ta sumbaci ƙasa ta tashi. Masu cewa a yi gudu a kan yatsu kamar mai sanɗa su ne ke jawo wa mutane ciwon sharaɓa. Gwiwa a ɗan lanƙwashe. Ka ɗaga ƙafa, kada ka tura ƙasa da ita. Idan kana jin fat fat ɗin takunka, kana bugawa da yawa.
Bororon da ba na zafi ba yana faɗa maka laifinka. A kan yatsu: kana damƙar ƙasa ko kana turawa. A tudun babban yatsa: kana murza ƙafa lokacin tashi. A dunduniya: takunka ya yi tsawo.
Kuma kullum ka fita da takalmi a hannu ko a ɗaure a ƙugu. Ka yi zagaye kusa da gida, kada ka miƙe hanya ɗoɗar rana ta riske ka a nesa.

Malamin Kimiyya:
Dalilin wannan jan ƙafa da Koci ke yi shi ne, fata tana sabawa cikin makonni, tsoka ma haka, amma ƙashi da agara sun fi su nawa. Binciken da Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya fitar a 2010, wanda ya haɗa da masu gudu a Kenya, ya nuna waɗanda suka tashi ba takalmi sukan sauka da gaban ƙafa, kuma hakan na rage dukan farko da ke ratsa ƙafa. Bai ce an rabu da rauni ba. Nauyin wuri yake sauyawa, ya ragu a gwiwa ya ƙaru a sharaɓa, agara da siraran ƙasusuwan bayan yatsu. Ciwon da za a ji tsoro shi ne na saman ƙafa, wanda za ka iya nuna shi da yatsa ɗaya, yana ƙaruwa da gudu, wani lokaci da ɗan kumburi. Tsagewar ƙashi ke nan, kuma hoton asibiti yakan kasa nuna ta a sati biyun farko. Hutunta sati 6 zuwa 8. Mai ɗori ba shi da abin ja a nan, ja ma ƙara ta yake.

Ɗan Dundaye:
Wasu na cewa a jiƙa ƙafa da ruwa kafin a fita, wasu lalle, wasu alif.

Malamar Jinya:
Jiƙa ƙafa kuskure ne. Jiƙaƙƙiyar fata laushi take, ta fi saurin saɓulewa. Lalle yana ba da sanyi lokacin da yake ƙunshe, ya rina fata, amma ba rufi ba ne tsakaninka da ƙasa mai digiri 60, kuma jansa yana ɓoye alamar ƙuna. Abin da ƙafa ke buƙata a garin nan shi ne maganin faso, musamman ga wanda hunturu ya bar masa kaushi. Da dare a wanke, a goge gefen dunduniya da dutsen kaushi sama sama, a shafa man kaɗe ko basilin, a sa safa. Da safe kada a shafa mai, yashi zai manne ya zama kamar sanfefa. Fata mai kyau ta mai gudu sumul take kamar jemammiyar fata, ba busasshiya mai tsagewa ba.
Kuma kada ƙafa ta ɗauke mana hankali, abin da ke kashe mai gudu a bazara zafin jiki ne. A Maris da Afrilu iska a bushe take, zufa na bushewa nan take, mutum ya zata bai yi gumi ba alhali yana zubar da lita 1 zuwa 2 a awa. A Mayu da Yuni da hadari ya fara haɗuwa, zufar ba ta bushewa, jiki ya kasa hucewa, nan ma haɗari ne. Ka hau sikeli kafin gudu da bayansa, duk kilo 1 da ya ragu lita 1 ce, ka mayar da lita ɗaya da rabi a hankali cikin awanni. Ledar fiya wota ɗaya rabin lita ce, lissafi ya yi sauƙi. Idan gudun ya kai awa, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari ya zama ruwan ɗorawa mai haske, idan ya koma kalar shayi an yi baya. Jiki na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki a zafi, wanda ya dawo daga Jos ko ya tashi daga zazzaɓi ya fara daga ƙasa. Kada a sha ibuprofen ko diclofenac a fita gudu da ƙishirwa, ƙoda ce ke biya. Mai nau'in jini na AS ya ƙara kiyayewa da gudun ƙure ƙarfi a zafi, mai sikila kuwa sai da shawarar likitansa.
Idan abokin gudu ya fara tangaɗi, yana magana ba kan gado, ko ya faɗi, ko da yana zufa, a kai shi inuwa, a cire riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. A fara sanyayawa nan take, a ci gaba da yi a cikin mota har asibiti. Wanda bai cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Ɗan Tseren Arkilla:
Mai azumi fa, Yaya? Na nafila ko na farilla idan ya faɗo a zafi.

Malamar Jinya:
Nan ne lokacin ƙafa da lokacin ruwa suke saɓawa. Asuba ta dace da tafin ƙafa, amma gumin da ka zubar ba za ka mayar ba sai magariba. Ranar azumi a taƙaita, tafiyar minti 10 ba takalmi da asuba ta isa a riƙe sabo, gudun gaske a bar shi bayan buɗa baki, da takalmi.

Baba Baduku:
To ga tsaka-tsaki, tunda kuna son ƙahwa ta ji ƙasa. A yanka roba mai kaurin milimita 4 zuwa 6 daidai zanen ƙahwarka, ka tsaya bisa kwali a zana, a bar rabin santimita gaban yatsu. In taya za a sa, a guji ta mota mai waya ciki, wayar tana hitowa ta soki mutum. A manna hwata siririya ta akuya bisa, don baƙar roba ita ma tana ɗaukar zahi kuma tana santsi da zuhwa. Huda ukku: guda tsakanin babban yatsa da na biye, biyu gehen idon sawu. Igiya ta zagaya bayan dunduniya, wanga shi ne muhimmi. Kullin ƙasa a hwaɗaɗa shi da guduma, in ba haka ba shi ka hwara cinyewa, kuma shina taɓa yatsa.

Ɗan Dundaye:
Baba, silifas na wanka ba zai yi ba? Shi ma ai siriri ne.

Baba Baduku:
Ba shi yi. Ba ya da igiyar baya, yatsu ka riƙe shi, kahin ka kai Gawon Nama hancin ya tsinke.

Kocin Mabera:
Kuma mai sa irin na Baba kada ya ce ya tsira daga tsarin sati sati. Fata ce kawai ta samu kariya, ƙashi da agara suna ɗaukar nauyin nan dai. Har ma ya fi saurin ruɗar mutum ya wuce ƙima, tunda babu raɗaɗin tafin ƙafa da zai tsayar da shi. Sabon fade a fara tafiya da shi kwana uku, a ga inda igiya ke ci, a sassauta kafin a yi gudu.

Ɗan Tseren Arkilla:
Baba, igiyar ta fata ce ko ta roba?

Baba Baduku:
Hwata in ta sha zuhwa tana saki, ta bushe ta yi tauri. Samo igiyar kambas mai hwaɗi, santimita 150 kowace ƙahwa, in ta yi yawa a datse.